Saura sati 3 a yi JAMB

Ƙanwata likitanci take nema a Jami'ar Modibbo Adama, karo na biyu, kuma Baba ya ce daga wannan shi ke nan. Jiya da dare a Jimeta, ba wuta, ga zafi, na saita mata agogo: tambayoyi 180, awa 2. Fiziks ya cinye mata lokaci, ta bar Kemistiri rabi, ta fashe da kuka.

Abin da ya kayar da ni ke nan a lokacina, na ƙare a Bayokemistiri, ga ni yau ina mastas. Ban faɗa mata ba. Na dai ce, "Auta, gobe ki bar Fiziks sai ƙarshe."

Ta ce, "Yaya, in na sake faɗuwa fa?"

Wallahi na rasa amsa. Ku sa ta a addu'a.