Abin da Autanmu ya Koya Mana

Sa'ad da aka haifi autanmu, murna ta cika gida, gama mun daɗe muna jiransa. Amma kafin gari ya waye sai muka ga kumfa tana fita daga bakinsa ba fasawa. Da uwarsa ta ba shi mama, sai ya sarƙe, ya yi ta tari, leɓunansa suka yi baƙi. Waɗansu maƙwabta suka ce beli ne, a kira wanzami. Mun gode wa Allah da ungozoma ta hana, ta ce a kai shi babban asibiti nan da nan.

Can likita ya zana mana hoto a takarda. Ya ce, "Malam, hanyar abincin yaron nan ba ta kai tumbi ba. Ta sama ta toshe kamar aljihu, ta ƙasa kuwa ta haɗu da hanyar numfashi." Ya ce a cikin jarirai wajen 3,000 akan sami ɗaya da wannan lahani, ba kuwa laifin uwa ba ne, ba kuma na uba ba. A dā duk jaririn da aka haifa haka ba ya rayuwa. Sai a shekarar 1941 wani likita a Amurka, Cameron Haight, ya fara cin nasarar ɗinke hanyar nan. A kwana na uku aka yi wa ɗanmu aiki.

Da muka koma gida, muna tsammani wahala ta ƙare ke nan. Ashe da sauran tafiya. Yaro ya riƙa tumbuɗi kullum, domin abin da ke cikin tumbi yana komowa sama. Wurin ɗinki kuma ya tsuke, har sau biyu aka buɗa shi a asibiti. Waɗannan an riga an gargaɗe mu a kansu, saboda haka ba mu firgita ƙwarai ba.

Abin da ya ruɗe mu ya zo ne daga baya. In ya sha mama ya ƙoshi, sai cikinsa ya kumbura, ya yi zawo. Bayan sa'a ɗaya ko biyu kuma sai gumi ya karyo masa, jikinsa ya saki, ya yi wani barci mai nauyi. Mu kuwa muka ce ai barcin ƙoshi ne. Kakarsa ta ce mana, "'Ya'yana, yaron nan ƙarfi ne ba shi da shi, ku riƙa ba shi ruwan sukari." Muka yi ta ba shi, muna ganin gata mu ke yi masa. Wata Asabar da rana jikinsa ya yi ta karkarwa, muka tashe shi, ya ƙi tashi. Muka ruga asibiti, aka gwada jininsa, aka tarar sukarin jikinsa ya sauka ƙwarai.

Muka ce, "Likita, yaya sukari zai ƙare a jikin yaron da mu ke ba sukari?" Ya bayyana mana cewa aikin tumbi shi ne ya riƙe abinci, ya riƙa sakinsa cikin hanji kaɗan kaɗan. A waɗansu yara da aka yi wa wannan aiki, tumbi yakan juye abinci gaba ɗaya. Sai sukari ya shiga jini da yawa a lokaci guda. Jiki kuwa ya fitar da sinadarin insulin fiye da kima domin ya rage shi, har ya rage ya wuce iyaka. Ruwan zaƙin da mu ke ba shi kullum yana ƙara tsananta abin. In aka bar sukari yana sauka haka sau da yawa, yana iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro.

Ran nan kunya ta kama mu. Shekara da shekaru muna koya wa yara a aji su lura, su yi tambaya, ga shi mu kanmu mun ga alama mun ba ta suna na son ranmu. Ba mu zargi Kaka ba, gama abin da ta sani ta faɗa, cikin ƙauna kuma.

Aka ce mu riƙa ba shi abinci kaɗan kaɗan sau da yawa, mu daina ruwan zaƙi, mu riƙe shi a miƙe bayan ya sha. Da ya ƙara wayo, likita ya sa a riƙa haɗa masa ɗanyen sitacin masara bisa awo, domin yana narkewa a hankali. Kada kowa ya gwada wannan sai da umarnin likita. Muka kuma sayi littafin rubutu, muna rubuta lokacin da ya ci da abin da ya biyo baya. Littafin nan ya taimaki likita ƙwarai.

Yanzu autanmu yana gudu a tsakar gida, ko da ya ke har yanzu sai an yanka masa nama ƙanana, ya kuma kora da ruwa.

Ya ku iyaye, in an yi wa jaririnku irin wannan aiki, ku lura da shi bayan cin abinci. In kun ga gumi, ko kasala, ko karkarwa, ko barcin da ba ku gane masa ba, ku roƙi likita ya gwada sukarin jininsa. Kada ku jira har ya ƙi tashi kamar yadda muka jira.