Abin da Buhun Shinkafa Bai Faɗa Mana Ba

Yawancinmu a jikin buhun shinkafa muka fara ganin sunan Tailan. Daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano aka riƙa ɗauko ta a da, ana bi da ita ta Gaya har kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Mun daɗe muna cin noman mutanen nan, amma kaɗan ne a cikinmu suka san da wace miya su suke cin tasu shinkafar. Hatta fatakenmu masu zuwa sarin tufafi a kasuwar Pratunam ta birnin Bankok, da yawansu da guzurin kilishi da yaji suke tafiya, su dawo ba su ɗanɗana girkin ƙasar ba. Dalilinsu ba abin rainawa ba ne, domin naman alade ya yawaita a abincin can, kuma baƙo ba ya gane abin da ke cikin tukunya.

Ni kuwa wani abokin fataucina ne ya kai ni wani tsohon gidan abinci na Musulmi a unguwar Bang Rak, kusa da Masallacin Haroon, a gefen titin Charoen Krung wanda aka shimfiɗa zamanin Sarki Mongkut, wajen 1860. Wurin ba shi da wani ƙawa, tebura ne na ƙarfe da fanka a sama. Sai dai da azahar kujera takan yi wuya. Masu fitowa daga masallaci da ma'aikatan ofis mabiya addinin Buddha duk wuri guda suke jiran a tashi su zauna.

Da na ga yawan kwanukan da ake jerawa, na ce, "Alhaji, wannan duk namu ne?" Ya ce, "Ai a nan ba a cin miya ɗaya, Malam." Kowa da farantin shinkafarsa, miya kuwa a tsakiya take, ta kowa ce. Cokali ɗaya ake ɗiba a zuba a gefen shinkafa, a cinye, sannan a koma ga wata. Da cokali ake kai loma, mai yatsu kuma aikinsa tura abinci kawai. A harshensu ma, idan za a ce cin abinci sai a ce "kin khao", wato cin shinkafa, kamar yadda tuwo yake tsaya wa abinci duka a bakin Bahaushe.

Miyar da ta fi zauna mini ita ce massaman. Naman sa ne aka dafa da madarar kwakwa har ya yi laushi, da dankalin Turawa, albasa, gyaɗa da tsamiya, ga ƙamshin kirfa da kanumfari. Lomar farko ta tuna mini miyar gyaɗa ta gida, kafin zaƙi da tsami su biyo baya su nuna cewa a wata ƙasa nake. Masana da dama suna ganin sunan ya samo asali ne daga kalmar da Farisawa ke kiran Musulmi da ita, domin fatakensu sun zauna a Ayutthaya, tsohon babban birnin ƙasar, a ƙarni na 17. Barkonon da ake yi wa Tailan kirari da shi ma baƙo ne, Turawan Fotugal ne suka kawo shi daga nahiyar Amurka. Gishirin girkinsu kuwa ruwan kifi ne da aka tsima, nam pla, mai wari a kwalba da daɗi a tukunya. Wanda ya tashi da daddawa ba zai yi masa dariya ba.

Musulmi tsiraru ne a Tailan, amma ga miyarsu ta zama abin alfaharin ƙasa baki ɗaya, har tashar CNN ta sa ta a gaba cikin jerin abinci 50 mafiya daɗi a duniya a 2011. Wanda ya je Bankok ya rufe kansa a ɗakin otal da kilishi ya tsare cikinsa, amma ya bar 'yan'uwansa a bakin titi bai gaishe su ba. Ya nemi tambarin halal a ƙofa, ko ya bi masallata bayan sallar Juma'a, su za su nuna masa inda ake ci.