Fankar Ɗakin Mma

Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, tana zaune a Maamobi cikin birnin Accra, a irin gidajen haya na unguwarmu: ɗakuna a jere kewaye da tsakar gida, rufin kwano, taga ɗaya mai fuskantar bangon maƙwabta. Duk wanda ya taɓa kwana a Nima ko Maamobi cikin watan Maris ya san abin da kwano yake yi wa ɗaki. Yakan sha rana yini guda, da dare kuma ya juye wa mutum zafin a ka. Saboda haka a shekara ta 2009, da na sami ɗan abin hannu, na je Opera Square inda ake sayar da kayan lantarki, na sayo mata fankar silin mai inci 56. Ran nan na ji ni ma na cika ɗa.

Mai gyaran wutar da ya ɗaura ta ya kafa regileta, wato akwatin nan da ake murɗawa a rage gudun fanka ko a ƙara, can bisa ƙofa, gama ta nan waya ta shigo ɗakin. Ya ce hakan ya fi, domin jikoki ba za su yi wasa da ita ba. Na yarda nan take, gama ni dogo ne, miƙa hannu kawai nake yi. Ban tsaya na dubi Mma ba, wadda gajeriya ce, ga kuma ciwon gwiwa. Fankar ba ta da wani makunni dabam. Wannan akwati shi ne kunnawa, shi ne kashewa.

Ina zaune a Nima, ƙetaren babbar kwatar da ta raba unguwannin biyu. Kowace yamma in na taso daga aiki nakan biya in gaishe ta, in sa fankar a lamba 3, in yi mata sai da safe. Ban taɓa tambayarta ko 3 ɗin ta yi mata ba. In ta ji sanyi sai ta ƙara zane. In zafi ya dame ta sai ta jira wani ya gifta ta tsakar gida, ta ce, “Ɗan nan, don Allah zo ka murɗa mini.” Haka muka yi shekara shida, ni kuwa ina ganin ba abin da na rage ta da shi.

Ana nan sai ga zamanin da mutanen Ghana suka sa wa suna dumsor, daga kalmomi biyu na harshen Twi masu nufin kashe da kunna. Ƙarancin wuta ya soma tun 2012, ya tsananta a 2015, sa'ad da ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo, iskar gas da injuna suke bukata kuma ba ta isa. An kai lokacin da unguwa takan yi awa 24 ba wuta, a ba ta awa 12, sa'an nan a sāke ɗaukewa. Ga mai fanka irin ta Mma, a nan matsalar take: a lambar da wuta ta bar fanka, a nan za ta same ta in ta dawo.

Wata rana cikin Janairun 2015, lokacin hunturu, jikarta da take kwana tare da ita ta sa fankar a lamba 5 da tsakar rana. Aka ɗauke wuta, kowa ya manta. Wajen ƙarfe 3 na dare wuta ta dawo, fanka ta tashi da dukan ƙarfinta, ga sanyin asuba, ga busasshiyar iska. Mma ba ta so ta ta da yarinyar, gama tana da makaranta da safe. Ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta hau cikin duhu, ta miƙa hannu. Kujera ta goce. Ta fāɗi a kan hannun dama, ta karye a wuyan hannu.

Da muka dawo daga asibiti, raina a ɓace, na ce, “Mma, don me ba ki ta da yarinyar ba? Don me ba ki jira ni ba?”

Ta yi shiru, can ta ce, “Babana, shekara shida ina roƙon iska a cikin ɗakina. Na gaji da roƙo.”

Ban sami abin cewa ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na sayi fanka, amma ita take kwana a ƙarƙashinta.

Duk da haka ban yi hankali nan da nan ba. Gyara na fari da na yi, na sauƙi na nema. Na sayi irin makunnin da ake rage hasken fitila da shi, na sa wani yaro ya haɗa. Fankar ta yi ta gurnani kamar zuma a cikin tulu, kanta kuma yana ɗaukar zafi. Na biyu, na sayi na'urar rimot, aka ɓoye ɗan akwatinta a gindin fankar can sama. Wannan ya yi aiki, kuma ga mutane da yawa shi ne maganin. Amma maɓallansa ƙanana ne, idon Mma ba ya ganin rubutun, hannun damanta kuma a ɗaure. Kafin wata biyu, sau uku muna nemansa a ɗakunan maƙwabta inda yara suka kai shi, sau ɗaya kuma batir ya mutu da tsakar dare.

Sai wani abokina ya haɗa ni da wani dattijon mai gyaran wuta, wanda kowa yake ce wa Masta. Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki. Bai dubi silin ba. Ya durƙusa ya gai da Mma, ya ce, “Hajiya, ta wane gefe kike kwanciya? Miƙa hannunki mai lafiya in ga inda ya tsaya.” Ta miƙa na hagu, ya ɗauki alli ya yi alama a bango.

Sa'an nan ya bayyana mini abin da ban sani ba. Makunnin fitila yana datsa wuta ne gunduwa-gunduwa. Fitila ba ta damu ba, amma injin fanka yana son wuta mai tafiya sumul, shi ya sa yake gurnani yana zafi. Tsohuwar regileta mai nauyi, mai ramukan shan iska, tana rage gudu ta wurin mai da wani kashi na wutar ya zama zafi, don haka mai gida yana biyan kuɗin wutar da ba ta zama iska ba. Sabuwar mai matakai, wadda take aiki da kafasita, ba ta zafi, ba ta ƙara. Ya ce kuma a cikin kan fankar akwai wata 'yar kafasita. In ta raunana, sai fanka ta yi ta jan jiki a lamba 1 da 2, mutane su ga dole su kai ta 5. Tamu ta raunana, ya sauya ta. Fanka irin wannan ba ta cin wuta da yawa, wajen wat 70 ne. Ba ta kuma sanyaya ɗaki, jikin mutum take sanyayawa ta wurin busar da gumi. Saboda haka gudun da ya yi wa saurayi mai gumi daidai yana iya zama azaba ga tsohuwa da asuba.

Muka nemi izinin mai gidan haya, ya yarda da sharaɗin kada a fasa bango. Masta ya kashe wutar ɗakin daga babban makunni, ya gwada ya tabbata ta mutu, gama wutar gida a Ghana bolt 230 ce, ba a wasa da ita. Ya jawo waya 'yan yadi kaɗan cikin bututun roba a bisa bango, daga ƙofa zuwa alamar allin nan. Ya kafa regileta mai babban mamurɗi, wadda take yin ƙas a kowane mataki, yadda mutum zai ƙirga da hannu cikin duhu ba sai ya gani ba. Aikin bai kai awa biyu ba. Kuɗinsa kuwa bai kai rabin abin da muka kashe a asibiti ba.

Da yamma na zo kamar kullum. Hannuna ya tafi bisa ƙofa da kansa, ya tarar da bango. Mma tana kallona tana murmushi. Na duba, fanka tana lamba 1. Na ce, “Mma, ba ki jin zafi?” Ta ce, “Tun dā 1 nake so.” Shekara shida ina ba ta 3.

Tun daga lokacin, in na shiga ɗakin tsoho nakan duba inda abubuwa suke. Na ga makunnin fitila a bayan kabad. Na ga randa a nesa da gado, na ga sakatar ƙofa da sai mai ƙarfi yake iya ja. Yawancinmu 'ya'yan Zango ba mu rowa ga iyayenmu. Masu zama a Jamus da Amurka suna aiko da firji da talabijin, mu na gida muna kawo koko da ƙosai da safe. Amma mukan shirya kayan daidai da tsawonmu da ƙarfinmu, mu tafi, mu bar tsoho yana jiran mai wucewa. Iyayenmu kuwa suna da kunya, ba za su ce an yi musu ba daidai ba, sai dai su ƙara zane su yi shiru.

Mai karatu, in kana da tsoho a gida, yau da dare ka zauna a bakin gadonsa, ka miƙa hannu ba tare da ka tashi ba, ka ga abin da za ka iya kaiwa. Abin da ya gagare ka, ka matso masa da shi. Kafin ka matso da shi kuma, ka tambaye shi inda yake so.