Hular da ta faɗa kogi: tafiya zuwa Budapest

Jirgin ƙasan da na hau a Viyana bai daɗe da tsallaka iyakar Hungary ba sai ya tsaya a Győr. Ban sauka ba, amma sai da na leƙa ta taga, domin a garin nan ne wani malamin sakandare, Dániel Arany, ya fara fitar da mujallar KöMaL a 1894. Har yau tana nan: a buga tambayoyin lissafi da fiziks, ɗalibai su aiko da amsa, wadda ta fi kyau a buga ta da sunan mai ita.

Da la'asar muka shiga tashar Keleti ta Budapest, sanyin Oktoba ya soma kamawa. Watan gasar fiziks ta Eötvös ke nan: tambaya uku, awa biyar, kuma an yarda ka shiga da littattafanka, tunda hadda ba za ta fisshe ka ba.

Washegari wani malami ya kai ni ajin yamma da yake horar da masu shiga gasa, a ɓangaren Buda, ana hango kogin Danube. Ya ba su tsohuwar tambaya. Mai kwalekwale yana tuƙi yana fuskantar ruwa, hularsa ta faɗa a ƙarƙashin gada. Sai bayan minti 10 ya lura, ya juyo, ya cim mata kilomita 1 ƙasa da gadar. Mene ne gudun kogin?

Yawancinsu suka duƙufa, kowa ya cika shafi da haruffa. Wata yarinya kuwa layi uku ta rubuta. Ta ce mu ɗauka a kan hular muke zaune. A wurinmu ruwa tsaye yake, saboda haka minti 10 ya yi yana nisa, minti 10 zai yi yana dawowa. Kilomita 1 a minti 20, wato kilomita 3 a awa. Ko gudun kwalekwalen ba ta nema ba.

Masu dogon lissafin ma sun samu 3, kuma maki iri ɗaya za a ba su. Ni dai ba na ganin aikin ɗaya ne. Su sun ga gudun kwalekwalen ya ɓace daga lissafi ba su san dalili ba. Ita ta sani tun kafin ta ɗauki biro.

Malamin bai tsaya yabo ba. Ya ce, to idan iska tana kaɗa hular fa? Aji ya kaure da gardama, har duhu ya yi ba a tashi ba.