Zuwa Gaisuwa Azarori

Kawu ya rasu da azahar, aka yi masa sutura kafin magariba, ni kuwa labarin bai same ni a Maradi ba sai bayan isha'i. Shi ne babban wan mahaifiyata, kuma shi kaɗai ya rage a mazan ɗakinsu. Jana'iza ta wuce ni, saura gaisuwa. Da gari ya waye na sayi goro da dabino da sukari da ganyen shayi, na nufi tasha.

Hanyar ƙasa mai lamba 1 muka bi, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, mu kuwa muka fuskanci yamma. Muka wuce Tsibirin Gobir da Gidan Rumji cikin hazon hunturu, gonaki duk an girbe, sai karare da shanun Fulani suna kiwo a ciki. Ido bai ga ɗanyen abu ba sai da muka gangara kwarin Tarka, dab da Madawa, inda lambunan albasa suka yi kore shar, injinan ban ruwa na ta kuka. Albasar wannan yanki ce, da ake kira 'yar Galmi, ke cika kasuwannin Akara da Abijan da Kwatano. A Madawa na hau kabu-kabu, ya ɗauke ni da kayana ya bar kwalta.

Azarori ƙaramar hukuma ce a gundumar Madawa, jihar Tawa. Hausawa manoma ne a nan tare da Abzinawan Kel Geres, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga Abzin a ƙarni na 18 suka zauna tsakanin Adar da Gobir. Ƙauyen su Kawu yana gefen garin. Tun daga nesa na hango rumbunansa na laka, manya masu faɗin ciki irin na Adarawa, sannan rumfar zana da aka kafa a ƙofar gida, maza zaune a tabarmi, takalma jibge a gefe.

Na durƙusa gaban babban ɗansa, wanda ya girme ni nesa.

"Yaya, ina haƙuri?"

"Haƙuri da godiya. Ka taho lahiya? Ina gajiyar hanya?"

Liman ya ɗaga hannu, aka yi addu'a aka shafa. Duk wanda ya iso haka ake yi: ya gaisa, a yi wa mamaci addu'a, ya samu wuri ya zauna. Abin da ya riƙe ni shi ne abin da ke biyo bayan addu'ar. Ana ɗan yin shiru, kowa na jan tasbaha, sai wani ya ce, "Allahu akbar, Malam ke nan," daga nan hira ta tashi. A wannan rumfa na ji rayuwar Kawu gutsure-gutsure daga bakin mutanen da ban taɓa gani ba, kuma mafi yawanta ban taɓa jin ta daga bakinsa ba.

Da hantsi wani dattijo Ba'abzine ya iso a bayan babur ɗin jikansa, rawaninsa baƙi, amawali ya rufe bakinsa. Sai da aka kama shi ya sauka. Bayan addu'a ya ƙi tashi. Ya ce mahaifinsa da mahaifin Kawu aminai ne tun zamanin ayari. Idan Kel Geres za su tafi Bilma da Fashi ɗauko gishiri da dabino, gero suke ɗora wa raƙuma, kuma a gidan nan mahaifinsa ke auna nasa, wani lokaci bashi, sai ayari ya dawo a biya da kantu. Babu takarda, babu shaida. Sannan ya gangaro kan shekarar 1984.

"Shekarar El-Buhari bisashena duka sunka mutu," in ji shi. "Na taho nan da ɗiya shida, ba ni da ko tiya guda. Malam ya hau rumbu da kainai, ya sauko da damma, ya ce in kai gida. Ya ce kada in hwaɗa ma kowa. Ban hwaɗi ba sai yau da ba ya nan."

'Ya'yan Kawu suka dubi juna, don ba wanda ya san zancen. Shekarar da yake nufi ita ce ta farin da ya haɗu da rufe iyakar Najeriya a watan Afrilun 1984, zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, hatsin da aka saba samu daga kudu ya yanke, shi ya sa mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar sunansa. Shekara arba'in dattijon nan yana riƙe da wannan amana. Da ciwon ƙafa ya hana shi hawa babur ran nan, da alherin ya bi Kawu kabari ba wanda ya ji.

Da dare na shiga cikin gida wurin Inna, yayar mahaifiyata, wadda ita ce ke bin Kawu. Matarsa na ɗaki ta fara takaba, wata huɗu da kwana goma, mata na shiga suna fita. Inna na zaune kusa da murhu da ƙwaryar fura a gabanta. Na ce mata katin shaidar Kawu ya nuna an haife shi wajen 1932, ba rana ba wata.

"Wannan lissahin Nasara ne, ɗana," ta ce. "Da ido anka dube shi anka rubuta."

Nata lissafin daban ne. Mahaifinsu yana yaro aka yi Kakalaba, wato yunwar 1913 zuwa 1914, ƙannensa biyu suka mutu a hanyar kudu. Kawu ya fara tafiya ne shekarar da aka kwashi mahaifinsu aikin tilas na fasa hanya, aikin da Faransa ba ta soke ba sai 1946. Ya yi aure kafin a ba da mulkin kai a 1960. Ya haƙa rijiyar bayan gari bayan farin zamanin Diori, shekarar da Seyni Kunce ya karɓi mulki, wato 1974. Ba ta san lamba ko ɗaya ba, ni ne nake sa su, amma ba ta taɓa sa na gaba a baya ba.

Da na tambaye ta dangi, sai ta miƙe ƙafa ta fara da kakan kakana. Wane ya auri wance 'yar gidan maƙera, suka haifi bakwai, uku suka rayu. Wance aka kai ta Buza, ba ta haihu ba, ta riƙe ɗan kishiya har ya zama nata. Wane ya tafi cin rani Kumasi bai dawo ba, an ce ya bar iyali can. Har yaran da suka mutu kafin yaye tana kiran sunayensu, ta ce Allah ya sa masu ceto ne. Idan ta iso kan sunan mijinta ko na ɗanta na fari sai ta tsaya, ta taɓa jikarta da ke kusa, yarinyar ta faɗi sunan, ita kuma ta ci gaba. Kunya ba ta bar ta ba ko a wannan shekaru. Yaran gidan kuma da ake kira Baba da Abba da Uwani, duk sunayen waɗanda suka riga mu ne aka mayar musu, ake sakaya su don girmamawa. Na tambayi wani Abba ɗan makaranta sunan wa ya ci. Ya san sunan, bai san mutumin ba.

Da safe Yaya ya raka ni maƙabarta. Kabarin Kawu sabo ne, an jera masa ƙaya don kada dabbobi su taka, an kafa tsingaron tukunya wajen kai. Na ce ya nuna mini na kakanmu. Ya yi tsaye yana duba, ya nuna wani wuri kusa da aduwa, ya ce tsakanin nan da can. Ban ga laifin kowa ba. Addininmu ya fi son kabari ba ado, damina biyu ko uku kuwa sun isa su daidaita shi da ƙasa. Amma in ƙasa ba ta riƙe suna ba, takarda kuma ba ta riƙe ba, to nauyin duka ya koma kan tsofaffi irin Inna, su kuma kullum raguwa suke yi.

Akwai dangin da tsufa ya hana su zuwa, al'ada kuwa ita ce a bi su har gida a yi musu gaisuwa. Aka wakilta ni da ƙanen Yaya. Muka koma Madawa muka kama hanyar da ta bi ta Buza da Keita zuwa Tawa. Ƙasa ta canja: duwatsu baƙaƙe da jajaye, tudu a miƙe kamar an yanke shi da wuƙa, kwari a ƙarƙashi. A Buza ba mu daɗe ba. Tsohon da muka je wa kunnensa ya yi nauyi, ya yi kuka, ya yi addu'a, ya sa aka kawo mana fura. Ɗansa ne ya ce in mun leƙa kwarin Majiya mu dubi layukan dogon yaro da aka fara shukawa a 1975 tare da ƙungiyar CARE don tare iska, da hannun mahaifinsa a ciki, shi da abokansa da yanzu babu ko ɗaya.

A wani ƙauye kusa da Keita muka sami abokiyar wasan Kawu, 'yar gwaggonsu, idonta ya tafi. Da ta ji muryarmu ta gane abin da ya kawo mu. Ta ce, "Ya riga ni ke nan, maƙetaci, ya ce sai ya ga bayana." Ta yi dariya, hawaye na zuba. Wasan da suka yi shekara tamanin bai ƙare da mutuwa ba.

Ita ce ta ba ni abin da ban zo nema ba. Ta yi aiki a shirin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Maza sun watse cin rani saboda fari, mata ne mafi yawan ma'aikata, ana biyan su da abinci. Su suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a gangaren tudu don tare ruwa, suka haƙa ramuka suka dasa itatuwa miliyoyi. Ta sa jikanta ya kai mu wurin. Layukan duwatsun suna nan, ƙasa ta taru a bayansu, itatuwan ƙaya sun yi inuwa, awaki na kiwo. Da muka dawo ta ce in faɗa mata ko layin da ke kusa da kwazazzabo yana nan. Na ce yana nan. Sai ta fara kiran matan da suka jera shi, ɗaya bayan ɗaya, da sunan mijin kowace da yawan 'ya'yanta, da wadda ta zo aiki da goyo, da wadda ta haihu kwana kaɗan bayan ta sauke dutse. A cikinsu ita kaɗai ta rage. Rahotannin shirin sun ƙidaya kadada da itatuwa, kuma sun kyauta. Sunayen matan nan a bakinta kawai na ji su.

Ba a rasa masu ƙoƙari ba. Farfesa Djibo Hamani ya bi tsofaffin wannan ƙasa ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, aka buga a 1975. A Yamai akwai cibiyar tattara tarihin baka da aka kafa tun 1968. Amma masana sarauta da yaƙi da asalin garuruwa suke bi, ba za su shiga kowane gida su tambayi wa ya haƙa rijiya, wa ya riƙe maraya ba. Wannan aikin 'yan gida ne.

Da muka koma Azarori mun tarar ana gardama kan sadakar bakwai. Samarin da suka yi karatu wurin malaman Izala sun ce ba ta da asali, dattawa sun ce haka suka tarar. Hukuncin na malamai ne. Aka daidaita a kan a dafa abinci a kai wa mabukata da almajirai ba tare da taro ba. Ni dai abin da na lura shi ne ba wanda ya yi jayayya da zuwa gaisuwa, kuma a nan ne tsofaffi ke buɗe baki. 'Ya'yan Kawu biyu suna Abijan, jikoki suna Legas da Libiya, gaisuwarsu ta WhatsApp ta zo, ana kunna muryoyinsu a rumfa ana amsawa da amin. Su ba su ji dattijon Ba'abzinen nan ba, 'ya'yansu kuwa wataƙila ko Azarori ba za su gani ba.

Don haka na nemi izinin Inna in ɗauki muryarta a waya. Ta ce me za a yi da surutun tsohuwa. Na ce na Abijan ne ke so. Sai ta gyara zama, ta ce to a fara daga farko, kuma a kira jikar nan ta zauna kusa. Na rubuta sunayen a littafin makaranta, liman ya kwafe da ajami don waɗanda ba su yi boko ba, muka tura muryar ga duk wanda ke da waya a dangi. Kafin in bar garin wani ya bugo daga Kumasi, ya ce kakansa daga ƙasar Madawa ya zo, an tura masa saƙon, ya ji sunan a bakin Inna.

Mai karatu, in kana da tsoho ko tsohuwa a gida, je ka zauna ka tambaya tun suna iya amsawa. Ka tambayi sunayen mata kamar yadda za ka tambayi na maza, da na yaran da ba su rayu ba, da na maƙwabtan da suka taimaki gidanku a shekarar wuya. Ka rubuta, ka ba 'yan'uwa su ma su ajiye. Allah ya jiƙan Kawu da dukkan magabatanmu, ya sa mu cika da imani.