Wane Muhammadun?

A Dogon Dawa, in ka zo neman mutum da sunan da liman ya raɗa masa, to ka shirya shan yawo. Ka tsaya bakin tasha ka ce kana cigiyar Malam Muhammadu, sai a dube ka a ce, "Wane Muhammadun?" Rabin mazan da ke zaune a teburin mai shayi za su iya amsawa. Amma ka ce Tanko mai faci, ko Ɗanlami mai awon masara, nan take za a haɗa ka da yaro ya raka ka har ƙofar zaure.

Ba wai an raina sunan yanka ba ne. Shi aka yi wa huɗuba, dominsa aka yanka rago ran bakwai aka raba goro, shi za a ambata ran ɗaurin aure da ran sanarwar rasuwa. Tsakanin waɗannan ranaku kuwa yana ninke kamar rigar Sallah a adaka. Laƙabi ne ke zuwa gona da kasuwa.

Laƙabin nan kuma ba banza ba ne. A ƙauyen da ba a rubuta haihuwa, shi ne rajistar gida. Da jin Tanko ka san mata ne suka rigaye shi, da jin Kande ka san maza ta biyo. Gambo yana bin tagwaye. Ɗanlami da Lami 'yan Alhamis ne, Balarabe ɗan Laraba, Asabe 'yar Asabar. Anaruwa ya faɗo ana tsuga ruwa, Nomau ya zo ana tsakiyar noma, Sallau ya iso ran Sallah, Cindo yana da yatsa na shida. Tambayi wata tsohuwa shekarun jikanta, ba za ta ba ka lamba ba. Za ta ce ai Ɗan'azumi ne, an haife shi azumin da ya faɗo cikin marka, daga nan sai ka yi lissafinka da kanka.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne sunayen 'ya'yan wabi. Mace ta haifa ta binne, ta sake haifa ta binne, na gaba in ya zo sai a ƙi nuna ana ɗokinsa. A kira shi Ajuji, ko Ayashe, ko Bawa, wai ba ɗan gida ba ne, abin yarwa ne, mutuwa ta wuce ta nemi mai daraja. A da har akan kai jaririn kan juji a ajiye shi ɗan lokaci, wata tsohuwa ta je ta ɗauko. Malamai sun daɗe suna cewa camfi ne, kuma gaskiyarsu. Amma duk lokacin da na ji an kira wani dattijo mai furfura da Ajuji, uwarsa nake tunawa, da irin tsoron da ya sa ta haɗiye son ɗanta a gaban mutane. Yarbawa ma suna da irin wannan ciwo da irin wannan magani, sai dai su roƙo suke yi a fili: Malomo, wato kada ka sake tafiya. Suna da Gambonsu kuma, shi ne Idowu. Can Gana, Kofi Annan da ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya Ɗanjuma ne da yaren Akan, Kwame Nkrumah kuwa Ɗan'asabe.

Su kansu sunayen yankan ba mu bar su yadda suka zo daga Larabci ba. Abubakar ya zama Garba da Habu a bakinmu, Buba a ruga, Bukar a Borno. A'ishatu ta zama Indo, Hadizatu ta zama Dije, Hauwa'u ta zama Kulu. Wasu inkiyar tarihi ne ya manna musu: kowane Usman Shehu ne saboda Ɗanfodiyo, Bello kuma, da asalinsa Fulatanci ne, ya bi Muhammadu tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ga kuma alkunya. Matar da aka sa wa ɗanta sunan surukinta ba za ta iya buɗe baki ta kira shi ba, sai ta ce Abba, ko Babangida, ko Magaji, unguwa duka ta ɗauka, har yaron ya shiga makarantar allo bai san yana da wani suna ba.

Maƙwabtanmu Gwarawa, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, Kiristocin cikinsu za ka ji Bulus da Bitrus da Yohanna, siffar da sunayen suka ɗauka a Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932. Yakubu da Dauda da Yusufu kuwa na kowa ne, a masallaci da coci. Haka sunayen rana. Janar T. Y. Ɗanjuma Bajukune ne daga Takum, amma sunan da duniya ta san shi da shi na Juma'ar Bahaushe ne.

Abin da ba mu gada ba shi ne sunan zuriya, wanda kaka da jika da tattaɓa kunne za su riƙa ja a baya. Namu wane ɗan wane ne, ya ƙare. Makarantar boko ce ta zo da buƙatar suna na biyu, domin malami ya bambanta Muhammadu biyar a aji ɗaya, kuma mafi sauƙi shi ne a liƙa wa yaro garinsu. Sardauna Ahmadu Raba ne a Kwalejin Katsina. Haka aka sami Tafawa Ɓalewa, da Aminu Kano, da Shehu Shagari. Nan kusa da mu, in ka bi hanyar Birnin Gwari ta Pandogari za ka isa Kagara, garin da ya ba mu marubuta biyu 'yan gida ɗaya. Wan ya tsaya a Bello Kagara, mai Ganɗoki. Ƙanen, da aka haifa a 1911, ya shahara da Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja. Wanda ya ga littattafan biyu a kanta ba abin da zai gaya masa 'yan'uwa ne.

Har yau 'yan bokon yankin nan suna bin wannan sawu: wane Kuyello, wane Randagi, wane Damari, wane Dogon Dawa. Baƙo yakan zaci hatsi ake nufi, tunda ƙasar noma ce, amma nahawu ya raba gardama. Dawar da ake tuwo da ita mace ce, da ita ce da an ce Doguwar Dawa. Dawan nan namiji ne, daji ke nan, wanda ya miƙe ya haɗe da Kamuku da Kuyambana. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi hanyar Funtuwa, ɗaukar wannan suna a bayan naka ya zama nauyi. Ka faɗe shi a Kaduna ko Zariya, kafin a ce komai sai an ce, "Allah sarki, ya kuke fama?" Duk da haka ban ga sun sauke shi ba, kuma ina ganin sun kyauta.

Fom ne ya zo ya dagula lissafi. Tun da aka fito da BVN a 2014, sannan a Disamban 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN, sai ga dattawa a layi gaban yaro mai kwamfuta, shi kuma gurabe gare shi, dole a cike.

"Baba, sunanka?"

"Garba."

"Na mahaifi fa?"

Nan tsoho yakan ɗan yi shiru, don bai saba furta shi ba. Sai na bayansa a layi ya taimaka: "Ai ɗan Malam Bawa ne." A buga Garba Bawa. Alhali a banki Abubakar Abdullahi aka rubuta, don ranar ɗansa ɗan sakandare ne ya cike masa, ya zuba sunayen yanka. Mutum ɗaya ne, duk garin ya shaida, amma na'ura ta ce biyu ne, kuɗin masararsa kuma sun maƙale sai ya je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa shi ne shi. Ban ma zo kan Muhammadu ba, da wani ya rubuta Mohammed, wani Muhammad, wani ya gajarce shi Moh'd. Ƙugiyar haruffa kuwa tuni ta faɗi a hanya, Baƙo ya koma Bako, Ɗanladi ya koma Danladi.

Abin da ke faruwa a layin nan ya taɓa faruwa a wasu ƙasashe. A Ingila, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, ana ce wa mutum Smith don maƙeri ne, da guduma a hannu. Da sunan ya daskare a takardun haraji da na coci, sai jikoki suka gaje shi ko da ba su taɓa shiga maƙera ba. Schmidt na Jamus da Haddad na Larabawa duk maƙeran ne. Turkiyya ma da doka ta yi nata, a 1934 aka wajabta wa kowane gida ya zaɓi sunan zuriya. Mu ba doka aka yi mana ba, gurbin fom ne kawai da ba ya karɓar wofi, kuma muna kallon abin yana daskarewa cikin tsara ɗaya.

Leƙa rajistar kowace firamare a yankin ka gani. Laƙabin da kaka ta ba uba don ta tuna yadda ya zo duniya, yanzu yana bayan sunan 'ya'yansa duka, maza da mata. Ga Gambo bakwai a gida ɗaya, ba wanda ya bi tagwaye. Ga yarinya an haife ta ran Talata, malami yana kiran ta Ɗanjuma tana amsawa. A gaban sunan kuma sababbi ne suka shigo, su Amira da Walida da Halifa, waɗanda iyaye suka tsinto a fim da waya. Kakanni dai ba su karɓa ba tukuna. Amirar tana dawowa daga makaranta ta ajiye jaka, tsohuwa za ta ƙwala mata kira daga bakin murhu: "Ke Talatu, zo ki kai wa babanki ruwa gona."