Minti Goma Sha Shida

Kakana maƙeri ne. Har yau uwar maƙerarsa tana nan a lungun zauren gidanmu da ke cikin birnin Kano, yara na hawa kanta su ci gyaɗa. Mahaifina ne ya fara barin sana'ar. Ya yi boko, ya koyar a firamare shekara 35, ya kuma sa rai cewa a kaina za a ƙarasa wanke baƙin gawayi daga hannun zuri'armu. Ranar da na shaida masa cewa ni, mai digirin Fiziks daga Jami'ar Bayero, na fara koyon yanka makullin mota a Ƙofar Ruwa, bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Ashe dai ƙira ba ta sakin jininta." Ya ci gaba da jan carbinsa. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ban faɗa sana'ar don sha'awa ba. Shekara biyu na yi bayan hidimar ƙasa ina yawo da takardu daga ofis zuwa ofis, har ambulan ɗin ta yi laushi kamar tsumma. Sai dai na tarar da abin da ban zata ba: makullin motar zamani ba ƙarfe ba ne kawai. A cikin kansa akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta fi ƙwayar wake ba, kuma ba ta da batir. Idan aka sa makulli, wata naɗaɗɗiyar waya da ke kewaye da makunnin mota takan aika mata da sigina mai ƙarfin kilohaz 125, ta farka, ta faɗi lambarta. In lambar ta dace da wadda ƙwaƙwalwar mota ta sani, inji ya tashi. In ba ta dace ba, ko haƙoran makullin sun yi daidai, motar ba za ta motsa ba. Wannan shi ne abin da Michael Faraday ya gano a 1831, wanda na haddace don jarrabawa, ban taɓa riƙe shi a hannu ba sai a kasuwar kayan gyara. Tun 1998 Jamus ta wajabta sa wannan na'ura a sababbin motoci don maganin ɓarayi. Rimot kuwa nasa lissafin daban: motocin Amurka galibi suna magana a megahaz 315, na Turai a 433, shi ya sa mutum zai sayi rimot mai kama da nasa sak, mota ta yi masa kunnen uwar shegu.

Yawancin motocin da ke shigo mana ta Kwatano ko Legas da makulli ɗaya suke zuwa. Ran da ya ɓata, motar ba ta iya zuwa wurinmu, mu ne za mu je wurinta. Shagona ke nan: babur, jaka, da na'urar da ake jonawa a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari.

Maigidana yana da doka guda. Kafin a taɓa mota sai an ga takardunta da katin shaidar mai ita, suna ya dace da suna. Yakan ce, "Mu da ɓarawo kayan aikinmu ɗaya. Tambaya ce kawai ta raba mu."

A wata na biyu da fara fita ni kaɗai, wata Alhamis bayan La'asar, wata mata ta kira ni Hotoro. Na tarar da Toyota Camry a tsakar gida, ƙura ta rufe ta, tayoyinta sun fara kwanciya. Matar ba ta daɗe da fita takaba ba. Ta miƙo mini takardu da sunan mijinta, da takardar shaidar rasuwarsa, ta ce makullin ya ɓata a hidimar jinya. Suna bai dace da suna ba, na sani. Amma ga marayu uku suna leƙe ta labule, ga shi kuma, in faɗi gaskiya, bashin na'urar da na ɗauka yana jirana ƙarshen wata. Ban kira maigida ba. Na buɗe ƙofar, na jona batirina domin nata ya mutu, na fara aiki.

Idan makullai duka sun ɓata, ba ƙara sabo kawai ake yi ba. Sai an sa motar ta manta da duk makullin da ta taɓa sani, sannan a koya mata wani. Kafin Toyota ta yarda da haka, takan sa mai aiki ya jira minti 16, domin ɓarawo ba ya son tsayuwa. Na danna, agogo ya fara ƙirga.

Saura minti 11 wani yaro ɗan kimanin shekara shida ya kawo mini ruwa a kofi. Ya tsaya yana kallon allon na'urar, sannan ya ce, "Kawu, in ka yi sabo, na wurin Baffa zai daina aiki?"

Uwar tana bakin ƙofa, ta ji. Ba ta tsawata masa ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "Malam, ba ɓata ya yi ba." Ƙanen mijinta ne ya ɗauke shi ranar sadakar bakwai, wai zai adana har a raba gado. Wata biyar ke nan ba a zauna ba. Kullum tana biyan kuɗin adaidaita sahu na kai yara makaranta, motar ubansu tana ruɓewa a gabanta, kuma ta sami labarin ya fara neman mai saye.

Abin da na koya a Islamiyya ya dawo mini. Matar da mijinta ya bar 'ya'ya tana da tumuni. Ɗa namiji yana hana 'yan'uwan mamaci gado, wato wannan yaro mai kofi ya fi baffansa haƙƙi a motar nesa ba kusa ba. Amma na tambaye ta, ta ce mahaifiyar marigayin tana da rai, ita kuma tana da sudusi. Ko akwai bashi a kansa, ita ma ba ta da tabbas. Motar ba ta baffa ba ce, ba kuma tata ce ita kaɗai ba. In agogon ya cika, ni, wanda ba alƙali ba, ba mai unguwa ba, na yanke hukunci ke nan da yatsa ɗaya a kan dukiyar da ban san iyakar masu ita ba. Zuciyata kuma tana gaya mini cewa hukuncin ba zai yi nisa da gaskiya ba.

Saura minti huɗu na soke aikin.

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Ki kai maganar wurin mai unguwa ko kotu. Ranar da aka ba ki takarda ko da layi ɗaya ne, zan zo in yi miki kyauta."

Ta ce, "Shi da ya ɗauka, ba wanda ya tambaye shi takarda. Ni da ke riƙe da 'ya'yan mamacin ce ake tambaya." Ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ciki ta aiko yaron da kuɗin mai, na mayar, ta sake aikowa. Na kulle motar kamar yadda na same ta.

Maigida ya ce na yi daidai, bayan ya wanke ni tas saboda fara aikin da na yi tun farko. Da daddare na ba mahaifina labari, karo na farko da na yi masa zancen aikina. Na ɗauka zai yaba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kakanka in ya ƙi yi wa mutum aiki, yakan bi sawu ya ji yadda aka ƙare. Kai ka koma?"

Sai bayan mako biyu na koma. Tun daga bakin ƙofa na hango tsakar gidan fayau, sai shatin tayoyi huɗu a ƙasa. Yaron ne ya fito. Ya gane ni, ya yi murmushi, ya ce Baffa ya zo da sabon batir da wani mutum mai babbar riga. Ya ce da Baffa ya danna, motar ta tashi bugu ɗaya.

Na tambayi mahaifiyarsa, ya shiga ya dawo ya ce tana salla. Na jira a kan babur har aka kira Magariba, ba ta fito ba. Na rubuta lambata a bayan wani rasit na ba shi, ko da yake na san tana da ita.

Rimot ɗin da na saya domin aikinta yana nan a ƙaramin aljihun jakata, cikin ledarsa. Tun daga lokacin na yi aikin Camry irin tata sau uku, kuma kowane karo sai in koma Ƙofar Ruwa in sayo wani.